Kafin A Ce Faifai Ya Mutu, A Duba Waya

Filin Kimiyya da Fasaha: Darasin Kwamfuta

 Darasin wannan fitowa yana da ɗan tsawo, shi ya sa muka sa wa kowane sashe lamba. Wanda ƙararrawa ta katse masa karatu sai ya riƙe lambar inda ya tsaya, ya dawo lokacin hutun tara.

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Duk ɗan aji shida a cikinmu, daga Kawo yake zuwa ko Malali ko Unguwar Rimi, wata rana zai zauna a zaure mai kwamfutoci kusan 250. A kowace cibiya akwai kwamfuta guda ɗaya da ke raba wa sauran tambayoyi, tana kuma karɓar amsoshi. Ita ce ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke, kuma sunan ya dace da ita: in ta tsaya, garke duka ya tsaya. Irinta ce ke riƙe da asusun mutane a banki, da katin marasa lafiya a asibiti, da sakamakon ɗalibai a makarantun da suka daina dogara da takarda kaɗai.

Duk wannan dukiya tana zaune ne a kan faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-disk. Ranar da uwar garke ta daina ganin faifanta, hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne, "Ya mutu, a sayo wani." Sau da yawa kuwa faifan lafiyarsa ƙalau, wayar da ta haɗa shi da sauran na'ura ce ta yi sako-sako. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Kuɗi ya tafi a banza, wani lokaci ma a garin gaggawa a goge bayanan da ba za su dawo ba. Abin da za mu koya yau shi ne yadda ake bambance ciwon waya da ciwon faifai, da yadda ake gyarawa ba tare da an yi ɓarna ba.

1. Wayar da ta ruɗa masana

Kada wani ya ɗauka 'yan koyo kaɗai waya ke yaudara. A watan Satumba na 2011 wata ƙungiyar masana kimiyya mai suna OPERA ta fitar da sakamakon da ya girgiza duniya. Ana harbo wasu ƙwayoyi da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, masu suna niyutirino, daga cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Jeniba, su kuma masanan suna auna lokacin isowarsu a ɗakin bincike na Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730 ta ƙarƙashin ƙasa. Agogonsu ya nuna ƙwayoyin suna riga haske isowa da kimanin nanosakan 60. Nanosakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. Da hakan ya tabbata, da sai an sake rubuta littattafan fiziks da muke karantawa, domin tun zamanin Albert Einstein aka tsaya a kan cewa babu abin da ke wuce haske gudu.

A watan Fabrairu na 2012 asiri ya tonu. Wata wayar gilashi mai ɗauke da saƙon lokaci daga na'urar GPS zuwa agogon gwajin ce ba a ɗaure ta sosai ba. An sami wata 'yar matsala a agogon kansa, amma wayar ce babbar mai laifi. Da aka ɗaure ta aka sake awo, sai gudun ƙwayoyin ya koma daidai da abin da aka sani. A watan Maris na shekarar shugaban ƙungiyar, Antonio Ereditato, ya sauka daga muƙaminsa.

Mu lura da abu ɗaya a labarin nan. Wayar ba fita ta yi ba, tana nan a wurinta tana aiki, aikin ne ba daidai ba. Da ta fita gaba ɗaya, da an gano cikin minti biyar. Haka abin yake a cikin uwar garke: wayar da ta saki rabi ta fi wadda ta cire wahalar ganowa, domin yau ta yi aiki, gobe ta ƙi.

2. Abin da ke cikin akwatin

Kowane faifai yana buƙatar abu biyu: wuta da hanyar magana. Saboda haka wayoyi biyu ke zuwa masa.

Ta farko ita ce wayar bayanai. A yawancin kwamfutocin tebur da ƙananan uwayen garke ana amfani da irin da ake kira SATA, wadda ta fito a 2003. Siririya ce, mai faɗi kamar zirin madauri, bakinta yana da haƙora 7, kuma an yi shi da siffar harafin L don kada a sa shi a juye. Tsayinta bai kamata ya wuce mita 1 ba. Tana tashi daga bayan faifai zuwa babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod.

Ta biyu ita ce wayar wuta. Bakinta ya fi faɗi, haƙoransa 15, tana fitowa daga akwatin wuta na kwamfutar. In muka duba launukanta za mu ga rawaya mai ɗauke da bolt 12, wadda ke juya motar faifan, da ja mai bolt 5, wadda ke ciyar da ƙaramin allon da ke ƙarƙashinsa, sai baƙaƙe da wuta ke komawa ta cikinsu. A wasu akwai ruwan lemo mai bolt 3.3.

Manyan uwayen garke, irin su Dell PowerEdge da HP ProLiant, tsarinsu daban ne. Ana zura faya-fayai ta gaba kamar aljihun tebur, kowanne ya je ya shiga wani allo da ke tsaye a bayansu, wanda za mu kira allon baya. Daga allon baya wasu wayoyi masu kauri, na tsarin SAS, ke tafiya zuwa katin da ke sarrafa faya-fayan. A nan akwai abin da ya kamata kowa ya haddace: wayar mini-SAS guda ɗaya tana ɗauke da hanyoyi 4. In ta saki, faya-fayai huɗu na iya ɓacewa a lokaci guda.

Ke nan wuraren da haɗi zai iya yin sako-sako sun kai biyar: bakin wayar bayanai a jikin faifai, ɗaya bakin a jikin allo, wayar wuta, zaman faifai a cikin aljihunsa, da zaman katin kansa a raminsa.

3. Me ke sa waya ta saki a nan Kaduna?

Na farko, tafiya. Na'urori da yawa da ke ofisoshi da makarantu na hannu ne, waɗanda ake kira tokunbo. Sun sha teku, sun sauka Legas, sannan suka sha ɗaruruwan kilomita a bayan mota kafin su iso. Ko ɗauko kwamfuta a Keke Napep daga Ahmadu Bello Way zuwa Hayin Banki ya isa ya girgiza wayar da dama ba ta zauna sosai ba.

Na biyu, jijjiga. Faifai mai juyi 7,200 a minti yana zagayawa sau 120 a kowane sakan. A haɗa da fankoki, a haɗa da janareta da aka girke a bayan bangon ɗakin. Wannan rawar ba ta da ƙarfi, amma ba ta hutawa, kuma a hankali take zare bakin wayar da ba ta da maƙalli.

Na uku, zafi da sanyi. Mun karanta a aji cewa ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi, ya tsuke in ya huce. An ƙera uwar garke don ta yi ta aiki dare da rana a ɗaki mai sanyi. A wurinmu kuwa ana ɗauke wuta ta huce, a kawo ta yi zafi, wata rana sau da yawa kafin azahar. Kowane zagaye yana ɗan motsa haɗin.

Na huɗu, ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika mana ɗakuna da hazo, fankokin uwar garke kuma suna zuƙo shi ciki. Ƙurar tana toshe hanyar iska, zafi ya ƙaru, tana kuma kwanciya a bakin da bai rufe sosai ba. In damina ta zo da laima, sai ta zama datti mai manne wa haƙora. A 'yan shekarun nan jarrabawar JAMB kan faɗo ne a watan Afrilu, wato bayan an gama shan ƙura, ana tsakiyar zafin bazara, lokacin da na'urori suka fi galabaita.

Na biyar, hannun mutum. Wani ya buɗe don ƙara wani abu, gwiwar hannunsa ta taɓa waya bai sani ba. Wani kuma ya ɗaure wayoyi tamau don su yi kyan gani, har suna jan bakinsu. Mu kuma sani cewa bakin SATA na ciki an ƙera shi ne ya jure cirewa da mayarwa kimanin sau 50. Wayar da ta daɗe tana yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta riƙonta ya riga ya yi rauni.

4. Yadda ake bambance ciwon waya da na faifai

Likitan kirki yana tambaya da awo kafin ya ɗauki almakashi. Mu ma kafin mu kwance ko da noti ɗaya, sai mu tara alamomi.

Alamomin da ke nuna waya: faifai yana ɓacewa yana dawowa, matsalar ta fara ne bayan an matsar da na'ura, ko an share ta, ko an buɗe ta, faifai yana juyi lafiya amma kwamfuta ba ta ganinsa, kwafin fayil yana tafiya sai ya tsaya cak na wasu sakanni sannan ya ci gaba, faya-fayai da ke jere da juna sun ɓace tare. Wannan na ƙarshe hujja ce mai ƙarfi. Da wuya ƙwarai faya-fayai huɗu su mutu a minti ɗaya, sai dai abin da suka yi tarayya a kansa ne ya sami matsala.

Alamomin da ke nuna faifai: ƙarar ƙas-ƙas mai maimaituwa ko ƙarar gurzawa, fayiloli iri ɗaya ne kullum ke ƙin buɗewa, matsalar tana bin faifan duk inda aka kai shi. Amma a yi hattara da ƙara, domin wayar wuta da ta saki ita ma tana sa faifai ya tsaya ya sake tashi, a ji kamar yana ƙwanƙwasawa.

Shaida mafi inganci tana cikin faifan kansa. Kowane faifai yana riƙe da kundin lafiyarsa, mai suna SMART. Ana karanta shi da manhajar CrystalDiskInfo a Windows, ko smartctl a Linux, kuma duka kyauta ne. Kowane layi yana da lamba. Waɗannan su ne namu:

Lamba 5: adadin gurabun da suka lalace a jikin faifai har aka canza musu wuri.
Lamba 197: gurabun da ake shakkar lafiyarsu, ana jiran a tabbatar.
Lamba 198: gurabun da aka kasa karantawa.
Lamba 199: kurakuran da aka samu a kan hanya, tsakanin faifai da allo.

Ukun farko ciwon faifai ne. Ta huɗu kusan kullum waya ce ko bakin da ta shiga. A CrystalDiskInfo za a ga an rubuta ta C7, domin da lissafin tushe 16 aka rubuta: C tana nufin 12, sai 12 sau 16 a tara da 7, ya ba da 199. Haka 197 ta zama C5, 198 kuma C6.

Yaya faifai ke sanin an yi kuskure a hanya? Mu ɗauki misalin mai aika kuɗi Zariya ta hannun direba a tashar Kawo. Yana rubuta jimla a bayan ambulan. Mai karɓa ya ƙirga, in bai yi daidai da rubutun ba ya san wani abu ya faru a hanya. Haka kowane ƙunshin bayanai ke tafiya da wata lamba da aka lissafo daga abin da ke cikinsa. In lissafi bai yi daidai ba a wurin sauka, sai a ƙirga kuskure ɗaya, a ce a sake aikowa. Wannan sake aikowa shi ke jawo nawa. In abin ya yi yawa, wasu kwamfutocin da kansu suke rage gudun hanyar daga gigabit 6 a sakan zuwa 3, ko ma 1.5.

Lamba 199 ba ta komawa sifili ko bayan an gyara. Saboda haka girmanta ba shi ne abin dubawa ba, abin tambaya shi ne: tana ƙaruwa ko ta tsaya? A rubuta ta yau, a sake dubawa gobe.

A Windows kuma akwai kundin da ke rubuta duk abin da ya faru, mai suna Event Viewer. Rahoto mai lamba 129 yana nufin an sake tayar da hanyar faifai saboda ya yi shiru, 153 an maimaita wani aiki, 157 kuwa faifai ya ɓace ba sallama. A manyan uwayen garke manhajojin da muka ambata ba lallai su ga faya-fayan da ke bayan kati ba, sai a duba shafin kula da na'urar, wato iDRAC a Dell ko iLO a HP. A duba fitilun gaba ma: kore yawanci lafiya, ruwan goro kuwa alamar matsala.

5. Kafin a buɗe murfi

Akwai sharuɗɗa huɗu, kuma babu wanda ake tsallakewa.

Izini. Uwar garken makaranta ko ta ofis ba ta ɗalibi ba ce. Ba ma taɓa ta sai malami ko injiniyan da ke kula da ita yana tsaye. Na'urar da ke da garanti kuma, mai sayarwa ake kira.

Kwafi. Muddin faifai yana buɗewa, ko da na minti goma ne, aikin farko shi ne kwashe muhimman bayanai zuwa wani wuri. Wataƙila hasashenmu na waya kuskure ne, kuma wannan buɗewar ita ce ta ƙarshe.

Kashe wuta. A kashe na'ura ta hanyar da ta dace, sannan a zare fulogi. Manyan uwayen garke suna da akwatin wuta biyu, saboda haka fulogi biyu ne, a zare duka. Sai a danna maɓallin kunnawa na wasu sakanni don ragowar wuta ta fita. Akwatin wutan kansa ba a buɗe shi ko kaɗan, domin yana iya riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi.

Wutar jiki. Kowa ya san tartsatsin da ke tashi in mun cire rigar sanyi ko hijabi a cikin hunturu, ko ɗan jan da muke ji in mun taɓa ƙofar mota. Mutum ba ya jin wannan wuta sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali ƙasa da bolt 100 na iya lalata wasu sassan kwamfuta, kuma busasshiyar iskar hunturu tana ƙara ta. A ɗaura madaurin hannu mai zubar da wutar jiki in akwai. In babu, a riƙa taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin a taɓa komai a ciki. A riƙe faifai da kati ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoran zinariya.

6. Matakan aiki

Mataki na 1. A ɗauki hoton cikin na'urar da wayar salula kafin a taɓa komai. A manna 'yar takarda a kowace waya da kowane faifai, a rubuta lambar gurbinsa.

Mataki na 2. A haska tocila a duba da ido. Bakin waya ya karkace? Akwai rata tsakaninsa da faifai? Robar ta tsage, ko ta yi baƙi alamar ƙuna? Waya ta lanƙwashe sosai, ko murfi ya danne ta, ko tana gogar fanka?

Mataki na 3. A fitar da ƙura da bulowa, a riƙe fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Ba a hurawa da baki saboda yawu, ba a sa jiƙaƙƙen tsumma, ba a sa fetur ko kalanzir.

Mataki na 4. A cire wayar da ake zargi gaba ɗaya, a mayar. Dannawa kawai ba ta isa ba, domin cirewa da mayarwa ita ke goge dattin haƙora. A kama kan wayar, kada a ja jikinta. In tana da maƙallin ƙarfe a danna shi tukuna. A ja a miƙe, ban da girgizawa sama da ƙasa, domin 'yar robar L da ke jikin faifai tana saurin karyewa, in kuwa ta karye ƙaramin aiki ya zama babba. Wajen mayarwa a duba siffar L ta dace, a tura har ta zauna. In ta ƙi shiga, a juye take, kada a sa ƙarfi.

Mataki na 5. A yi haka a ɗaya bakin, sannan a wayar wuta. A babbar uwar garke a duba duka bakunan wayar SAS, da wayar wutar allon baya, da zaman kati a raminsa.

Mataki na 6. A rufe murfi, a kunna, a shiga BIOS a ga ko an lissafa duk faya-fayan. Sai a rubuta lamba 199, a kwafi manyan fayiloli na kamar rabin awa, a sake dubawa.

7. Gwajin musanya

In matsala ta ci gaba, sai a koma ga dabarar da muka koya a ɗakin gwaje-gwaje: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya canza waya da rami da faifai a tashi ɗaya, ko na'ura ta tashi bai san abin da ya gyara ba, kuma yana iya jefar da mai lafiya ya adana mai ciwo.

Mu ƙaddara wata ƙaramar uwar garke tana da faya-fayai biyu, A da B. Ranar Litinin lamba 199 ta B tana kan 340, ranar Laraba ta kai 415, amma 5 da 197 duk sifili. Zargi ya faɗa kan hanya. Sai mu sa wa B sabuwar waya, mu bar komai yadda yake. In lambar ta tsaya a 415 bayan an yi aiki sosai, tsohuwar waya ce, sai a yanke ta biyu a jefar don kada wani ya tsinta ya sake amfani da ita. In ta ci gaba da hawa, sai mu mayar da sabuwar wayar wani ramin a jikin allo. In ta tsaya, ramin farko ne ya lalace, a manna masa alama. In har yanzu tana hawa, sai mu ba B bakin wutar da muka tabbatar da lafiyarsa. In duk wannan bai yi ba, yanzu ne muke da hujjar cewa ciwon yana jikin faifan.

A taƙaice, muna kallon abin da ciwon ke bi. Wanda ya bi, shi ne mai laifi.

8. Gargaɗi na musamman kan RAID

Yawancin uwayen garke suna haɗa faya-fayai su yi aiki kamar guda, tsarin da ake kira RAID, sunan da wasu masana uku na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka yaɗa a wata maƙala ta 1988. A RAID 1 faifai biyu ne, kowanne kwafin ɗan'uwansa. RAID 5 yana jure rashin faifai ɗaya, RAID 6 kuma biyu. Misali, faya-fayai 4 masu terabait 2 kowanne a RAID 5 suna ba da wurin ajiya na terabait 6, sauran ya tafi wajen kariya.

A nan ne sakin waya ya fi haɗari. In faifai ɗaya ya fita daga RAID 5, na'ura tana ci gaba da aiki, mai yiwuwa ba wanda ya lura sai mai duba fitila. In wani ya zo gyara ya zare faifan da ba shi ba, biyu ke nan sun fita, komai ya tsaya. Shi ya sa muka ce a rubuta lambar gurbi, kuma kada a sauya wa faya-fayai wuri.

In waya ta saki faya-fayai da yawa suka ɓace tare, yawanci bayanan suna nan daram a kansu. Abin da ke hallaka su shi ne amsa tambayar allo da gaggawa. Duk saƙon da ya fito da kalmar Initialize, ko Format, ko Clear, a janye hannu daga madannai a kira wanda ya sani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Bayan an mayar da faifai kuma, na'ura za ta ɗauki awoyi tana sake gina shi, saboda haka a tabbatar akwai mai a janareta kuma batirin UPS yana da rai kafin a fara.

A tuna kuma, zare faifai ta gaba ba tare da kashe na'ura ba, wanda manyan uwayen garke suka yarda da shi, bai shafi wayoyin ciki ba. Su sai an kashe. RAID ɗin kansa ma ba ya maye gurbin kwafi: in an goge fayil bisa kuskure, ya gogu a duk faya-fayan. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya daga ciki a wani gini daban.

9. Rigakafi

A sayi wayar SATA mai maƙallin ƙarfe, ana samunta a shagunan kayan kwamfuta na cikin gari, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na faifai ba. A ajiye biyu ko uku sababbi a kabad. A bar wa kowace waya ɗan sarari, a ɗaure ta sassauƙa. Kada a liƙe baki da sufa gulu, domin ranar cirewa sai an karya. A guji adafta masu arha da ke raba wutar faifai, an sha ganin irinsu sun narke. In akwatin wuta irin wanda ake cire wa wayoyi ne, kada a sa masa wayar wani akwatin ko da bakin ya shiga, domin jerin wutar na iya bambanta, ta ƙona faifai nan take.

A ɗaga uwar garke daga ƙasa, a nisanta ta da taga da bangon janareta. A share ta a ƙarshen hunturu. Duk lokacin da aka matsar da ita, a duba wayoyi kafin a ɗora mata aiki. A ajiye littafi kusa da ita, kowane wata a rubuta kwanan wata da lambobin nan huɗu. Wannan littafin shi zai faɗa wa injiniya ranar da ciwo ya fara.

Masu sha'awar wannan fanni, ana karanta kimiyyar kwamfuta a nan gida, a Kaduna Polytechnic da Jami'ar Jihar Kaduna. Amma ba sai mun jira ba. Mu roƙi malamin kwamfuta ya ba mu ɗaya daga cikin matattun kwamfutocin da ke sito, mu koyi cirewa da mayarwa a kanta, inda kuskure ba zai ci kowa ba.

Tambayoyin wannan fitowa

1. Haƙora nawa ne a bakin wayar bayanai ta SATA, nawa ne kuma a ta wuta?
2. Lamba 199 ta wani faifai tana kan 900 tun wata uku ba ta motsa ba. Akwai matsala yanzu? Kawo dalili.
3. Faya-fayai huɗu da ke jere sun ɓace tare a wata babbar uwar garke. Ina za ka fara dubawa?
4. Mayar da C5 zuwa lissafin tushe 10, ka nuna aikinka.
5. Faya-fayai 5 masu terabait 4 kowanne, wurin ajiya nawa za su bayar a RAID 5?

A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci duka biyar a fitowa ta gaba, inda za mu yi bayanin yadda ake zaɓar UPS da ya dace da nauyin na'ura. Sai mun haɗu, mu huta lafiya.

Kulob ɗin 'Yan Jarida